Yawon buɗe ido a Chennai da kewayenta: tambayoyi da amsoshi

Yawancin mutanenmu da ke sauka a Chennai ba yawo ne ya kai su ba. Wani asibiti ya kawo shi, wani jinyar ɗan'uwa, wani karatu ko saro kaya. Amma tsakanin ganin likita na yau da na mako mai zuwa akwai kwanakin zaman jira, kuma ɗakin masauki yana gundurar mutum. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu irin wannan zama suka fi maimaitawa.

Chennai da Madras gari ɗaya ne? A ina yake a Indiya?

Gari ɗaya ne. Madras ake kiransa har zuwa 1996, lokacin da gwamnatin jihar ta sauya masa suna, shi ya sa har yau za ku ga Madras a jikin jami'ar garin da babbar kotunsa. Shi ne babban birnin jihar Tamil Nadu, a kudu maso gabashin Indiya, a bakin Tekun Bengal. Agogonsu yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi.

Harshen garin Tamil ne. Wanda ya zo da 'yan kalmomin Hindi da ya tsinta a finafinai, yana ganin zai yi ciniki da su, zai sha mamaki. Mutanen Tamil Nadu suna kishin harshensu ƙwarai, har zanga-zanga suka yi a 1965 don ƙin a ɗora musu Hindi. Turanci ya fi yi wa baƙo amfani a nan.

Wane lokaci ne ya fi dacewa da fita yawo, kuma yaya zafin garin yake?

Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu. A taswira Chennai tana kusan layi ɗaya da Sakkwato da Katsina, sai dai zafinta na bakin teku ne, mai gumi, wanda inuwa ba ta cika maganinsa ba. Mayu shi ne mafi tsanani, ma'aunin zafi kan kai 40. Daminarsu kuma ba lokacin tamu take ba: ruwa mafi yawa yana sauka ne daga Oktoba zuwa Disamba, wani lokaci da guguwar teku. Ambaliyar 2015 ta rufe filin jirgin saman garin na kwanaki, kuma a Disambar 2023 ruwa ya sake cinye unguwanni da yawa.

Tunda ba kowa ne ke zaɓar watan zuwansa ba, ga abin da ke aiki a kowane wata: a fita da sassafe, a dawo kafin azahar, a sake fita bayan la'asar. Garin da kansa haka yake yi. Manyan wuraren bautarsu ma ana rufe su da tsakar rana sai wajen ƙarfe huɗu.

Yini ɗaya kawai nake da shi. Ina da ina zan je?

Idan da ƙarfin jiki, ku bar garin ku tafi Mahabalipuram, wadda bayaninta ke ƙasa. Babu abin da ke cikin Chennai da ya kai ta. Idan kuwa tafiyar awa biyu za ta yi yawa, tsohuwar Chennai tana jere ne a layi ɗaya a bakin ruwa, ba sai an yi ta kewaye-kewaye ba. Ku fara da ganuwar Fort St George da safe, ku yi azahar a Babban Masallacin Triplicane, ku ci abinci a nan unguwar, ku huta, sannan Mylapore da la'asar, ku ƙare da Marina kafin magariba.

Kada a sa wannan shiri ranar Juma'a idan ana son shiga gidajen tarihi. Na cikin ganuwar da na unguwar Egmore duk ranar suke hutu.

Mene ne a Fort St George da ake yawan ambatonsa?

Daga nan garin ya fara. A 1639 wani ma'aikacin kamfanin cinikin Ingila a gabashin Indiya mai suna Francis Day ya samu izinin wani yanki na rairayi daga hannun masu mulkin wurin, aka kammala ginin ganuwar a 1644. Masaƙa da 'yan kasuwa suka taru a gefenta saboda cinikin tufafi, gari ya tashi. Faransawa sun ƙwace ta a 1746, aka mayar wa Ingila ita a 1749. Wanda ya karanta yadda kamfanin Neja ya shigo da ciniki ya ƙare da mulki zai gane labarin tun kafin a gama ba shi, sai dai na nan ya riga namu da shekaru fiye da ɗari biyu.

Har yanzu ganuwar tana aiki: majalisar dokokin jihar da sakatariyar gwamnati a ciki suke, don haka akwai bincike a ƙofa, kuma ba ko'ina ake barin baƙo ya shiga ba. Ku riƙe fasfo. Abin gani biyu ne. Akwai cocin St Mary da aka buɗe a 1680, mafi tsufa cikin cocin Angilika a Indiya, inda aka ɗaura auren Robert Clive, jagoran sojan kamfanin da ya kafa mulkin Ingila a Indiya, da na Elihu Yale, gwamnan Madras da aka sa wa Jami'ar Yale ta Amurka sunansa. Sai gidan tarihin ganuwar, mai makamai da kuɗaɗen da da hotunan gwamnoni, da kuma tutar Indiya da aka ɗaga a wurin ranar samun 'yancin kai a 1947. Awa ɗaya da rabi ta isa. In za ku fita, ku sa direba ya bi ta gaban Babbar Kotun Madras, jan gini mai ƙubbobi na 1892, wanda daga nesa za ku ɗauka masallaci ne.

Ana iya wanka a tekun Marina?

A'a. An hana, saboda ruwan yana da ja ta ƙasa, kuma yana cin mutane. Mutanen garin ma iyakarsu su jiƙa ƙafa. Marina wurin shan iska ne: rairayi mai faɗin gaske, da za ku yi tafiya mai tsawo daga titi kafin ku kai ruwa, ga masu soya kifi da gasa masara, ga dawakin haya da lilon yara. A ƙarshen arewa akwai kaburburan manyan shugabannin jihar, Annadurai da M. G. Ramachandran da Jayalalithaa da Karunanidhi, kuma yadda talakawa ke tururuwa wurin zai nuna muku siyasar Tamil fiye da duk wani bayani. A kudu akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ake hawa a hango gari.

Ranar Lahadi da yamma cunkoso ne, haka ma kwanakin Pongal, bikin girbi na mutanen Tamil, a tsakiyar Janairu. Mai son natsuwa ya je bayan asuba, lokacin da masunta ke dawowa, ko ya zarce bakin ruwan Besant Nagar da ya fi ƙanƙanta.

A ina zan yi sallah, kuma akwai wuraren tarihin Musulunci?

Masallatai ba su da wuyar samu, musamman a Triplicane da Royapettah da Periamet da Mannady. Abu na farko da ke rikita baƙo shi ne alƙibla: a nan yamma ake fuskanta, da ɗan karkata zuwa arewa, ba gabas ba.

Babban Masallacin Triplicane, wanda ake kira Masallacin Wallajah, gidan sarautar Nawab na Arcot, sarakunan Musulmi na yankin, ne ya gina shi a 1795, da dutse zalla, ba katako ba ƙarfe. Yana da fili mai faɗi, kuma da azumi wata ƙungiyar mabiya Hindu daga Mylapore ta shekara da shekaru tana kawo abincin buɗa baki wurin. Zuriyar Nawab ɗin suna nan har yau a gidansu na Amir Mahal. Masallacin Thousand Lights kuwa, na 1810, yana kan babban titin Anna Salai, kusa da titin Greams inda masu jinya da yawa ke sauka. Cibiyar 'yan Shi'a ce a garin, yana da kyau mutum ya san haka kafin ya je. Sauran masallatan yawanci Hanafiyya ne ko Shafi'iyya, don haka za ku ga ɗan bambanci da yadda aka saba a gida. Musulunci ya daɗe a wannan gaɓa ta hanyar fataken Larabawa, har Musulmin Tamil sun yi nasu ajamin, suna rubuta harshensu da haruffan Larabci.

Mata su tambaya tukuna, don masallatai da yawa a nan ba su da sashen mata.

Za a bar wanda ba Hindu ba ya shiga wuraren bautarsu?

A mafi yawansu ana barin baƙo ya shiga harabar waje, amma ba ɗakin ciki inda abin bautar yake ba, kuma akan rubuta hakan a allo. Ana cire takalmi a ƙofa, ana son sutura mai rufe jiki, ba a ɗaukar hoto a ciki. Ko ya halatta Musulmi ya shiga ko bai halatta ba, wannan tambayar malaminku ce, ba ta mai nuna hanya ba. Abin da za a iya faɗa shi ne mafi kyawun abin kallon daga waje yake.

Misali wurin bautar Kapaleeshwarar a Mylapore. Hasumiyar ƙofarsa ta kai mita 37, an lulluɓe ta da ɗaruruwan siffofi masu launi, kuma daga titi ake ganinta, tare da babban tafkin da ke gefenta da layukan masu sayar da furanni da kayan tagulla. Mylapore ta girmi Madras ta Turawa da ƙarnoni masu yawa. Tafiya kaɗan daga nan akwai cocin San Thome, fara tas, wadda Turawan Fotugal suka fara ginawa a ƙarni na 16 aka sake gina ta a 1896, a inda Kiristoci suka yi imani an binne Toma, ɗaya daga almajiran Annabi Isa. Wanda ba ya son shiga wurin da ake ibada a cikinsa, amma yana son ganin aikin hannu, ya duba amsoshi biyu na gaba.

Gidan tarihin Egmore ya cancanci a ɓata masa lokaci?

Ya cancanta, in an san inda aka nufa. An kafa shi a 1851, shi ne na biyu a tsufa a Indiya bayan na Kolkata, kuma gine-gine ne da yawa a fili ɗaya, wasu sassan sun tsufa sun yi ƙura. Ku wuce kai tsaye sashen tagulla. A nan ake ajiye aikin maƙeran daular Chola na wajen shekara dubu da suka wuce, waɗanda suke fara siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin su zuba tagulla a gurbinsa. Dabarar da maƙeran Ife da Benin suka yi aiki da ita ke nan. Bayan shi sai sassaƙen farin dutse na Amaravati, na zamanin addinin Buddha. Akwai sashen yara, kuma wuri ne mai inuwa da za a iya fakewa a ciki lokacin da rana ta take.

Me ya sa kowa ke cewa sai an je Mahabalipuram?

Saboda abin da ke wurin ba a gina shi ba, sassaƙa shi aka yi. Garin, wanda ake kuma kira Mamallapuram, yana kusan kilomita 60 kudu da Chennai. Tashar jiragen ruwan sarakunan Pallava ce a ƙarni na 7 da na 8, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Masassaƙan sun samu manyan duwatsu a bakin teku, suka hau kansu da guduma da kurfi. A wurin da ake kira Pancha Rathas, ɗakuna biyar ne, kowanne daga dutse guda, an fara daga sama ana saukowa ƙasa, da rufi da ginshiƙai da komai, ga giwa da zaki da sa tsaye a gefe, su ma daga dutsen wurin. Ba a gama aikin ba, ba a kuma taɓa ibada a cikinsu ba. Rashin gamawar ne ma ya fi ɗaukar hankali, don za ku ga inda hannu ya tsaya: sama an goge ta sumul, ƙasa kuwa ɗanyen dutse da sawun kurfi.

Sai babban bangon dutsen da ake kira Saukar Ganga, wato saukowar kogin Ganga daga sama a labarin Hindu, mai tsawon kusan mita 29. Akwai tsaga ta halitta a tsakiyarsa, masassaƙan suka mai da ita kogi, suka jera mutane da dabbobi suna fuskantarta ta kowane gefe. Giwayen sun kusa girman na gaske. Ku nemi kyanwar da ke tsaye a ƙafa biyu tana kwaikwayon masu ibada, ɓeraye sun kewaye ta sun yarda da ita. Ba'ar da aka yi wa malaman ƙarya ke nan tun shekara 1300 da suka wuce. Can sama kaɗan akwai dunƙulen dutse mai tsayin kamar mita 6 da ya tsaya a kan gangare kamar yanzu zai mirgino, inda kowa ke ɗaukar hoto yana tokare shi.

Wurin bautar bakin teku shi ne aka gina da yankakkun duwatsu, a zamanin sarki Rajasimha, farkon ƙarni na 8. Iskar gishiri ta cinye fuskokin sassaƙen har sun yi laushi, shi ya sa aka yi masa shingen duwatsu da itatuwa. Tsofaffin matuƙan jirgi na Turai sun riƙa ba da labarin wuraren bauta bakwai a wannan gaɓa, da cewa teku ta haɗiye shida. Ranar igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, da ruwa ya janye kafin ya dawo, mutane sun ce sun hango jerin duwatsu a ƙasan teku, kuma igiyar ta tone wasu sassaƙe da rairayi ya binne. Baƙo yana biyan kuɗin shiga ninkin na ɗan ƙasa sau da yawa, kuma tikiti ɗaya ne na manyan wuraren a yini guda, kada ku yar da shi. Ku isa da wuri, don dutsen yana ɗaukar zafi kuma inuwa kaɗan ce.

Akwai abin tsayawa a hanya, musamman in da yara?

Hanyar gaɓar gabas da ake bi tana da wurare biyu masu kyau. DakshinaChitra, da aka buɗe a 1996, fili ne da aka kwaso tsofaffin gidaje na gaske daga jihohin kudancin Indiya aka sake kafa su, gidan masaƙi da na ɗan kasuwa da na manomi, da masu sana'a suna aiki a gabanku. Sai gidan kiwon kadoji da Romulus Whitaker ya kafa a 1976, inda kuma mutanen ƙabilar Irula, gwanayen kama maciji, suke tatsar dafi don haɗa maganin sara. Kowanne yana da ranar hutunsa a mako, a tambaya kafin a tashi. Ku zaɓi ɗaya; wanda ya haɗa biyun da Mahabalipuram zai dawo a galabaice.

A cikin gari kuma akwai gandun dajin Guindy, da gidan namun daji na Vandalur a bayan filin jirgi, wanda ke da faɗi sosai da yawan tafiyar ƙasa.

Kanchipuram ko Pondicherry, wacce zan zaɓa?

Kanchipuram tana kusan kilomita 75 daga Chennai, ita ce hedikwatar Pallava, garin wuraren bauta da saƙar siliki. Kailasanathar, wanda Rajasimha ɗin nan ya gina, shi ne mafi tsufa kuma mafi natsuwa. Amma garin masu ziyarar ibada ne, ba iskar teku, kuma wanda ya riga ya ga Mahabalipuram bai rasa da yawa ba, sai dai in siliki yake nema.

Pondicherry ta fi nisa, kusan kilomita 150, kuma tana hannun Faransa har 1954. Titunan tsohuwar unguwar har yau da Faransanci aka rubuta sunayensu, 'yan sanda na sa jar hula irin ta Faransa. Mutumin Nijar ko Kamaru zai ji wani abu da ya sani. Hanyarta ta Mahabalipuram take bi, don haka a haɗa su a kwana. Zuwa da dawowa a yini ɗaya wahala ce kawai.

Da me zan riƙa zirga-zirga?

Jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara aiki a 2015 yana da sanyi da tsabta, yana haɗa filin jirgi da tsakiyar gari, kuma akwai taragon mata. Adaidaita sahu tana ko'ina, kuma ba baƙuwarku ba ce: kamfanin TVS da kekunansa suka cika titunanmu hedikwatarsa a Chennai take. Direbobin ba su cika kunna mita ba, don haka a yi ciniki kafin a hau, ko a kira ta manhajar Uber ko Ola a huta da jayayya. Don fita bayan gari, hayar mota ta yini ita ce mafi sauƙi, a kuma yi magana tun farko kan kuɗin hanya da na ajiye mota. Ta hagu suke tuƙi, ku duba dama tukuna kafin ku tsallaka titi. Ku riƙe tsabar kuɗi, don biyan da 'yan gari ke yi da waya yawanci sai da asusun bankin Indiya.

Abincin fa? Za a samu halal?

Za a samu. A unguwannin da aka ambata a amsar masallatai akwai gidajen abincin Musulmi masu shinkafar biryani da naman akuya da kaza. A sauran wurare, mafita mai sauƙi ita ce gidajen abincin da ba sa taɓa nama kwata-kwata, kuma sun cika garin. Idli da dosa, abincin safensu, ƙullun shinkafa ne da wani irin wake da aka bari ya kwana ya yi tsami, dangin waina da sinasir, ana ci da miyar sambar. Abincin rana a kan ganyen ayaba ake zuba shi, da hannun dama ake ci, ana ƙari har sai kun ce ya isa. Akwai yaji da tsamiya sosai, mai ciwon ciki ya faɗa tun kafin a zuba. Ruwan gora kawai za a sha.

Ina ake sayen tsaraba?

T. Nagar ita ce kasuwar yadi da gwal, manyan shaguna masu hawa-hawa da farashi a rubuce, sai dai titin Ranganathan da yamma ba wurin mai rauni ba ne saboda turmutsutsu. George Town da Sowcarpet, kusa da ganuwa, na 'yan sari ne. Cinikin yadi tsakanin wannan gaɓa da Afirka ta Yamma tsoho ne: yadin Madras mai gida-gida ya daɗe yana zuwa yankin Neja Dalta, inda mutanen Kalabari suka mai da shi kayan al'adarsu. Silikin Kanchipuram na gaske yana da nauyi da tsada. In an yi muku tayinsa da araha a bakin hanya, ko direba ya nace sai shagon da ya sani, ba shi ba ne. A Mahabalipuram kuma har yau ana sassaƙa, ana samun ƙananan giwaye da turmin daka kayan yaji na dutse, amma ku tuna da awon kaya a filin jirgi.

Wanda aka yi wa aiki ko yake karɓar magani zai iya wannan yawon?

Likitansa ne zai faɗa, kuma a tambaye shi da sunan wurin da tsawon tafiyar, ba a ce masa za a ɗan fita kawai ba. Wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa ya nisanci cunkoson Marina da T. Nagar da abincin bakin titi. Mafi sauƙi ga mai rauni su ne sashen tagulla na Egmore, cocin San Thome, da zagayawa a mota ta titin bakin teku da yamma, daga ganuwa zuwa hasumiyar fitila, ba tare da an sauka ba. A Mahabalipuram, bangon Saukar Ganga a bakin titi yake, ana ganinsa daga inda mota ta tsaya, Pancha Rathas kuma fili ne shimfiɗaɗɗe mai rairayi. Wurin bautar bakin teku yana da 'yar tafiya daga ƙofa, hawa kan tudun duwatsun kuwa a bar wa ɗan rakiyarsa. A ɗauki magungunan yini, da lambar wayar sashen da ke kula da shi, da lema.